Tarakta Mai Fizgar Kaya: Yadda Ɗan Guntun Ƙarfe Ke Rage Gudun Man Haidirolik



Yau za mu leƙa wajen tarakta. Duk gonar da ta ɗan girma, aikinta ya fi ƙarfin baro da shebur: kwashe kashin kaji da bokitin gaba, juye taki da tirela, ɗaukar buhunan abinci, kai tankin 'ya'yan kifi bakin kwami. Matsalar ita ce taraktoci da yawa ba su san a hankali ba. Da ka taɓa liba, sai bokiti ya zabura sama ko bodin tirela ya faɗo tim. Idan taki ne a ciki, da sauƙi. Amma tanki mai lita 500 na ruwa, nauyin ruwan kaɗai kilo 500 ne. Fizga ɗaya ta isa ta watsar da 'ya'yan tarwada a ƙasa, ta fasa kiret-kiret na ƙwai, ko ta danne hannun yaron da ke taya ka aiki.

Daga ina saurin yake zuwa?

Abu biyu ne a haidirolik, kuma ana yawan cakuɗa su. Matsin mai shi ke ba da ƙarfin ɗaga kaya. Yawan man da ke wucewa a minti ɗaya shi ke ba da sauri. Ɗauki silinda mai faɗin ciki santimita 5 da tsawon tafiya santimita 40. Man da zai cika ta bai kai lita ɗaya ba, kusan lita 0.8 ne. Idan famfo yana turo lita 30 a minti, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta miƙe gaba ɗaya. In ka rage man zuwa lita 8 a minti, za ta ɗauki kusan daƙiƙa 6. Ƙarfin ɗagawa yana nan yadda yake, gaggawar ce kawai ta ragu.

Wannan shi ne aikin ristirikta: guntun ƙarfe mai ɗan siririn rami da ake ɗaurawa tsakanin tiyo da silinda, mai ya riƙa wucewa kaɗan-kaɗan.

Iri uku ne a kasuwa

Na farko mai rami tsayayye, misali milimita 0.8 ko 1.6. Yana da arha, babu abin da zai kwance a jikinsa, amma ba a daidaita shi. A kula da lissafin: in ka rage faɗin rami da rabi, man da zai wuce zai koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Shi ya sa ake farawa da mai ɗan faɗi, a gwada, sannan a sauko.

Na biyu bawul mai allura, wanda ake murɗawa da hannu har a samu saurin da ake so. Shi ya fi dacewa da taraktar da yau taki take ɗauka, gobe ƙwai.

Na uku mai hanya ɗaya: yana barin mai ya wuce a sake ta ɓangare guda, ya matse shi wajen dawowa. Tirela mai juyewa da tiyo ɗaya tak, wannan ne nata. Bodi ya tashi yadda ya saba, ya sauko a natse. Akwai alama a jikinsa da ke nuna ɓangaren da mai ke wucewa a sake. In aka juya shi baibai, tashin ne zai yi nawa, faɗowar tana nan.

A ina ake ɗaura shi?

Idan matsalarka saukowa ce, man da ke fita daga silinda za ka matse, ba mai shiga ba. Dalili kuwa, nauyin kaya ne ke koro man waje, don haka ƙofar fita ce birki. A ɗaura shi a bakin silindar kanta, ba can jikin tarakta ba. Ko tiyo ya fashe, kayan ba za su faɗo gaba ɗaya lokaci guda ba. Duk da haka kar wani ya shiga ƙarƙashin bodi ko bokiti sai an tokare shi da ƙarfe.

Inda ba ya zuwa ko kusa: layin sitiyari, layin birki, layin da famfo ke zuƙo mai, da babban layin da ke mayar da mai tanki.

Farashinsa shi ne zafi

Yawancin tsofaffin taraktocin da ke gonakinmu famfonsu ba ya rage abin da yake turowa. In ka bar lita 8 ta wuce cikin 30, sauran 22 ɗin sai sun bi ta bawul ɗin sakin matsi su koma tanki. Idan bawul ɗin yana buɗewa a bar 180, zafin da ke shiga mai ya haura kilowat 6, kamar ka jona dutsen guga na lantarki shida a cikin tankin. Ga ɗaga bokiti na daƙiƙa biyar-shida, ba komai. Amma ga aikin da ke juyawa ba tsayawa, kamar injin haɗa abincin kaji ko famfon ruwa da ke amfani da haidirolik, mai zai yi zafi ya tsinke, robobin silinda su bushe su fara yoyo, musamman a zafin Afrilu. Irin wannan aiki bawul mai baki uku yake so, wanda ke mayar da rarar mai tanki ta hanyarta daban.

Kafin ka kashe kuɗi

Fara rage totur. Injin in ya sassauta, famfo ma ya sassauta. Sannan hannuwan baya masu ɗaukar garma, a taraktoci da yawa, har da Massey Ferguson, suna da nasu makunnin daidaita saurin sauka. Duba shi tukuna.

In dai sai an saya, cire tsohon haɗin ka tafi da shi shago. Zaren murɗawa iri-iri ne, akwai BSP, JIC, NPT da na mita, kuma wasu suna kama da juna a ido. Wanda bai shiga da hannu ba, kar a tilasta shi da sufana. Kada kuma bakanike ya sa maka bawul ɗin famfon ruwa na gida, ba a yi shi don irin wannan matsi ba.

Wajen ɗaurawa, a sauke kaya ƙasa, a kashe injin, a motsa liba gaba da baya har matsi ya fita. A goge bakin haɗi tas, don ramin milimita ɗaya ƙwayar yashi ma tana toshe shi, ga ƙurar hunturu ga ta ɗakin kaji. In filtar mai ta daɗe, a canza ta. Neman yoyo kuma da kwali ake yi, ba da hannu ba. Mai a irin wannan matsi yana huda fata, kuma ko raunin ya yi kamar tsinin allura, asibiti ake zuwa nan take.

Gwajin farko a yi shi ba kaya. Na biyu da tanki cike da ruwa zalla. Sai ka ga ruwan ya tashi ya sauka bai fantsama ba, sannan ka zuba kifinka.