Cacar Ƙwallo: An Rufe Shago, Saura Wayar Hannu

Daga Wakilinmu

A Amurka, dokar tarayya ta 1992 ce ta hana cacar wasanni a yawancin jihohi, har Kotun Ƙolin ƙasar ta soke ta a 2018. A Nijeriya kuwa al'amarin a juye yake. Dokar tarayya ta 2005 ce ta kafa hukumar ba kamfanonin caca lasisi, alhali Jihar Kano, wadda ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, ta haramta caca.

Ran 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta raba gardama a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Ta ce ikon tsara caca na jihohi ne. Nan da nan Hukumar Hisba ta Kano ta ce za ta ci gaba da garƙame shagunan caca.

To, amma a garuruwa irin su Kwanyawa, a yankin Ƙaraye da Rogo, matashi ba ya bukatar shago. Da wayar hannu kaɗai yana iya zubar da kuɗin masarar da ya noma duk damina a dare guda. Ɗan Hisba na iya rufe ƙofa, amma ba ya shiga aljihu. Wannan aikin ya rage ga iyaye, malamai da dagatai.