Kabad na Jikin Bango: A Ƙirga Katako Kafin a Ƙirga Kuɗi

Tun da sojoji suka karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, 'yan'uwanmu da yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da Fot Sudan suka fara komowa gidajensu na Soba da Mayo da sauran unguwannin kudancin birni. Abin da yawancinmu muka tarar kuwa iri ɗaya ne: bango yana tsaye, amma an cire ƙofa da taga, an zare wayar wuta, an kwashe gado da dulab. Mutanen Soba sun ga abin tun daga farkonsa, domin sansanin dakarun Da'amus Sari' da ke can yana cikin wuraren da aka fara jin harbi ranar 15 ga Afrilu, 2023.

To, wani abu da muka lura da shi a gidajen da muka shiga shi ne, duk wata ma'ajiya da aka gina da bulo da siminti a jikin bango tana nan inda take. An ɓalle murafenta, amma gangar jikinta ba ta ɗaukuwa. Shi ya sa magidanta da dama suka koma sha'awar kabad na jikin bango, musamman a madafa da ɗakin uwargida, inda kwanukan jere ke buƙatar wurin zama. Tambayar da ake ta yi mana ita ce, nawa zai ci?

Amsarmu ita ce kada a fara da kuɗi. Kafin yaƙi dalar Amurka tana wajen fam 600; a cikin 2025 ta haura fam 2,500 a kasuwar bayan fage. Katakon muski da zan da allunan ablakash da kontar daga waje ake shigo da su ta Fot Sudan, saboda haka farashinsu dala yake bi. Lissafin da najjar ya yi maka da fam a farkon wata, kafin ƙarshen wata ya zama labari. Amma lissafin da aka yi da yawan allo da yawan ƙarfe ba ya tsufa. Idan ka san allo nawa aikinka zai ci, ko yaushe ka shiga kasuwa sai ka tambayi kuɗin allo guda ka ninka.

Ga yadda ake yi. Allon kontar ko na MDF girmansa santimita 122 ne a faɗi, 244 a tsawo. A ce madafarka tana da bango mai mita 3, kana son kabad na ƙasa mai zurfin santimita 55 zuwa 60. Murfi shida kake bukata, kowanne 50 a faɗi, 70 a tsawo. Allo guda yana fitar da su duka shida, biyu a faɗinsa, uku a tsawonsa, har a bar wa zarto abin da zai ci. Kantocin ciki guda uku masu mita ɗaiɗai su ma allo guda ya ishe su, da ragowar guda ɗaya. Ke nan idan magini ya tayar da ɓangarorin da bulo ya zuba saman da kankare, allo biyu ne kacal aikin katakonka, sai mufassala goma sha biyu da mariƙi shida.

In kuwa ka ce duka da katako za a yi, sai lissafi ya canja. Gefe shida za su cinye allo guda, ƙasan akwatunan uku su sa a ƙara wani, sannan ga siririn ablakash na baya. Allo huɗu masu kauri da ɗaya siriri ke nan, ban da abin da za a ɗora a sama. Wannan bambanci shi ya kamata mutum ya kai wa magini, ya ji bulo nawa da siminti buhu nawa zai ci, ya kwatanta. A ganinmu na bulo ya fi dacewa da Soba, ba don arha kaɗai ba. Gara, wadda ake kira arda a nan, ba ta cin siminti, kuma gidan da ya yi shekara biyu a rufe da wuya a ce ba ta shiga ba. (Masu tarihi dai za su ce bulo ma ana sacewa, tunda jan bulon tsohuwar Soba, babban birnin daular Alwa, da shi aka yi wasu gine-ginen Khartoum a zamanin Turkawa. Gaskiya ne, amma sai da ya yi wajen shekara ɗari uku a ajiye kafin a zo ɗaukarsa.)

Wurin da aka fi tafka asara shi ne awo. Ƙasar da ke gefen Bahar Azrak laka ce mai kumbura da damina, ta tsage da rani, shi ya sa da wuya a sami bangon da ya miƙe sak. A auna faɗin wurin sau uku, ƙasa da tsakiya da sama, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Wani dattijo daga cikinmu ya auna ƙasa kawai ya aika da takarda aka yanko masa murafe, da aka zo ɗaurawa sai biyu suka ƙi shiga, domin saman ya fi ƙasan matsewa da yatsa biyu. Kuma kada a yanka murfi sai an gama shafe ya bushe. A ɗaga ƙasan kabad ɗin da kamar santimita 10 saboda ruwan wanke-wanke da na damina. Waɗanda suka ga ambaliyar 1988 da ta 2020 ba sai an yi musu bayani ba. Allon MDF yana da kyaun fenti, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura, don haka kada a sa shi kusa da randa ko ƙarƙashin famfo. Masu hali sukan yi murafen madafa da alminiyom.

Wasu za su tambayi katakon gida. Sunut, wato bagaruwarmu, da ake sarowa daga dazuzzukan Sinnar da Sinja, yana da ƙarfi ƙwarai, amma nauyinsa da taurinsa sun fi dacewa da firam da dogarin ƙofa. Maɗaci kuwa sai an tabbata ya bushe, in ba haka ba zafin watan Mayu zai karkatar da murfin, ƙurar habub ta sami hanyar shiga kan kwanuka.

Akwai ayyukan da dole su riga kabad: a sa waɗanda suka san aikin su duba gidan saboda harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, sannan a ja wayar wuta da bututun ruwa. Wanda ya gina kabad kafin nan zai fasa shi da hannunsa.

Game da ciniki da najjar, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Maigida ya je kasuwa tare da shi a sayi alluna da ƙarafa a rana ɗaya, a kai su gida a jingine a inuwa, nesa da ƙasa. Kuɗin hannu a kasa shi uku: kafin alƙalami, rabin aiki, da bayan an ɗaura murfin ƙarshe an buɗe an rufe a gaban uwargida. A rubuta awo da adadin murafe da ranar gamawa a takarda, a sa shaidu biyu. In ta Bankak aka tura kuɗin, a ajiye hoton shaidar biya. A kuma tambaye shi tun farko ko kuɗin man janareta da na motar dako suna cikin abin da ya faɗa, domin a nan ne rigima ta fi tasowa.