Robar jera haƙora: wane giɓi take rufewa, wane ne ya fi ƙarfinta?

Daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Makoɗa zuwa Tsanyawa, da wuya ka zauna a majalisa ba ka ga mai giɓi ba. Kogo ne ya ci haƙori, aka yi ta fama da kanumfari da ruwan gishiri, da ciwo ya fi ƙarfin haƙuri aka je aka cire. Yanzu kuma ga bidiyo yana yawo a wayoyin matasa: wata roba garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, wai cikin 'yan watanni giɓi ya ɓace. Robar akwai ta, tana kuma aiki, amma an jingina mata abin da ba ta iyawa. Bari mu raba aya da tsakuwa.

"Roba ba ta iya motsa haƙori." Ƙarya ne. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashin muƙamuƙi ba, wasu siraran jijiyoyi ne ke riƙe da saiwarsa. In aka matsa masa a hankali ba ƙaƙƙautawa, ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, sabo yana ginuwa a bayansa, sai ya gusa. Haka wayar ƙarfe da ake ɗaura wa haƙora take aiki, haka robar ma. Kamfanin Align Technology na Amurka, wanda aka kafa a 1997, shi ya yayata ta da sunan Invisalign. Likita yana ɗaukar awon baki, a ƙera robobi a jere, kowace tana gusar da haƙori kamar kwatan milimita, ana canzawa bayan mako ɗaya ko biyu.

"Tana tsiro da sabon haƙori." Ƙarya ce tsagwaronta. Bayan famfarar yarinta, haƙorin da aka cire ya tafi ke nan. Abin da robar ke yi kawai shi ne jawo maƙwabta su cike gurbin.

"Kowane giɓi tana rufewa." Nan ne aka fi yaudarar mutane, domin giɓi iri biyu ne. Akwai wanda likita ya buɗe da gangan: baki ya cunkushe ko haƙoran gaba sun turo leɓe, sai a cire ƙaramin haƙorin da ke bayan fiƙa, mai faɗin kamar milimita 7, don sauran su sami wurin jeruwa. Irin wannan tun farko an tsara rufe shi, duk da haka yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ko fiye.

Giɓin da ya fi yawa a karkararmu kuwa na turmi ne, babban haƙorin tauna da kogo ya cinye, mai faɗin milimita 10 zuwa 11. Taɓa wurin da harshe in an yi shekaru da cirewa: za ka ji dasashi ya lotsa ya tsuke, domin ƙashin yana janyewa, galibi cikin watanni shida na farko. Roba kuma kan haƙori take kamawa, ba ta kai wa saiwa. Kamar dirkar rumfa ce: in ka turo ta daga sama sai ta karkata, gindinta na nan inda aka binne shi. Ido ya ga giɓi ya rufe, alhali turmin kishingiɗa ya yi, abinci na maƙalewa a ƙarƙashinsa. Shi ya sa likitoci ke liƙa wa haƙoran 'yan ƙulle-ƙulle don robar ta sami abin kamawa, ko su kafa 'yar ƙusa a ƙashi, ko su koma wa wayar ƙarfe. Sau da yawa ma shawarar ita ce a cike gurbin: haƙorin roba mai cirewa, ko gada da ake ɗorawa a kan maƙwabta, ko dashen haƙori mai gindin ƙarfe.

"Giɓin baya ba ruwan kowa, tun da ba a gani." Rabin gaskiya. Wani giɓin yakan zauna lafiya shekaru. Wani kuma haƙorin kusa ya karkato ciki, na sama ya zazzago don ya rasa abokin haɗuwa. Dubawa ce ke bambancewa.

"Da dare kawai ake sawa." Ƙarya ne. Awa 20 zuwa 22 take so a kowace rana. Za a ci tuwo, a cire. Za a sha shayi mai zafi, a cire, don zafi na lanƙwasa ta. Mai cin goro ya yi wa kansa hisabi: kowane ɓari sai an cire, an wanke baki, an mayar. Kuma ko an gama, sai an ci gaba da kwana da robar tsare haƙora, in ba haka ba giɓin yakan sake buɗewa.

"Sai yara." Ƙarya ne. Ɗan shekara hamsin ma haƙorinsa na motsi. Abin da ke hanawa shi ne ciwon dasashi: baki mai zubar da jini in an yi asuwaki, ko haƙori mai girgiɗa, sai an fara magance su.

"Ka yi oda ta waya, ba sai da likita ba." Wannan ita ce mafi haɗari. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, da ya shahara wajen aika robobi gida-gida, ya durƙushe a ƙarshen 2023, ya bar masu jinya a tsakiyar hanya. Mafi muni kuma ɗaure haƙora biyu da robar kitso don rufe giɓi ko wushirya: takan sulale ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi, har haƙoran biyu su zube.

Don haka mai son rufe giɓi ya nufi inda za a ɗauki hoton ƙashinsa. Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Ya tambayi likita abu uku: ƙashin wurin zai ɗauki saiwa? Rufewa ta fi ko cikewa? Wata nawa, zuwa nawa, kuɗi nawa gaba ɗaya? Duk wanda ya yanke farashi bai ga hoto ba, a bar masa kayansa.