Dodon Gévaudan a Majigi

Tsakanin 1764 da 1767, wata dabba ta addabi yankin Gévaudan a kudancin Faransa, ta hallaka kusan mutum 100, galibinsu mata da yara masu kiwo. Sarki Louis XV ya tura maharba, amma kisan bai tsaya ba.

Wannan tarihi Christophe Gans ya ɗauko a 2001 ya shirya fim ɗin Le Pacte des loups. A cikin fim ɗin, masanin dabbobi Fronsac da abokinsa Mani sun bi sawun dabbar cikin ruwa da taɓo, sai suka tarar ashe wata ƙungiyar asiri ce ke sakin dabbar, sanye da sulken ƙarfe. Faɗan ya ɗan yi yawa, amma tsoron yana kama zuciya. Fiye da mutum miliyan 5 suka kalle shi a Faransa.