Yadda Ido Yake Karatu

Ya kamata hakimai da malamansu su sani, idon mai karatu ba ya bin layi a jere kamar alƙalami. Tsalle yake yi, ya tsaya wajen sau huɗu cikin daƙiƙa guda, kuma a tsayawar nan kaɗai yake ɗaukar rubutu. Javal, likitan ido a Faransa, ya bayyana haka tun 1879. A 1998 masana a Amurka suka shirya lissafin kwamfuta, E-Z Reader, mai kwaikwayon wannan tsalle. Bisa lissafin, ido yakan tsallake gajeriyar kalmar da ya saba gani. Saboda haka malami ya bi takardar shari'a da yatsa, kalma-kalma, kafin a sa hannu, kada "ba" guda ta ɓace, hukunci ya juye.