Damargu: Masu Aikin Hannu Na Neman Kasuwa A Gida

Duk wanda ya san kasuwannin Tanut da Belbeji ya san Damargu ba ƙasar gero da dabbobi ba ce kawai. Akwai maƙera Buzaye masu ƙera zobe da sarƙar azurfa, da mata masu saƙa tabarma da faifai da kabar goruba, da masu sassaƙa ƙwarya, da dukawa masu rina fata. Sai dai yau samari da ƴan mata masu tasowa cikin waɗannan sana'o'i suna kokawa da rashin masu saye.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun tawayen 2007 a arewacin Nijar, da sace Turawa a Arlit cikin 2010, baƙi ƴan yawon buɗe ido suka ƙaurace wa hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Tanut. Ga kuma kayan roba masu araha sun cika rumfuna. Yaron da ya kwana uku yana zana ƙwarya, in aka taya ta da kuɗin kofin roba, gobe sai ya ajiye wuƙa ya nemi motar Libiya ko Aljeriya.

Wata ƙasa mai nisa ta taɓa shiga halin da ya fi wannan muni. A Kambodiya, mulkin Khmer Rouge daga 1975 zuwa 1979 ya hallaka mafi yawan mawaƙa da masu zane. Cikin 1994 wasu matasa tara da suka koyi zane a sansanin ƴan gudun hijira suka koma garin Battambang tare da malamarsu, suka buɗe makaranta mai suna Phare Ponleu Selpak, suna koya wa yaran unguwa zane kyauta. A 2013 aka buɗe gidan wasa a Siem Reap inda waɗanda suka gama makarantar ke nuna gwanintarsu, ribar kuma tana komawa makarantar. Wato hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma muna da abin dafawa. A jahar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara cikin 1991, har ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. A Yamai kuma an fara SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata, tun shekarar 2000. Alphadi ya kai bikin FIMA cikin hamada kusa da Agadas a 1998. Amma yarinyar ƙauye ba ta isa Yamai sai wani ya fara sayen faifanta a gida.

Nan ne maganar ta zo kanku, ƴan kasuwa da iyayenmu mata. Mai rumfa na iya ware kusurwa ɗaya ya jera aikin yaran garinsu, in an sayar ya cire ladansa. Asusun mata na iya ranta wa mai koyo kuɗin fata da rini, ta biya bayan cin kasuwa biyu. Uwar da ke haɗa kayan ɗakin ɗiyarta ta sa ƙwarya da tabarmar Damargu cikin jere. Masu kai dabbobi da hatsi Damagaram da Kano su riƙe samfur, su nuna wa abokan cinikinsu. Mu kuma a gidajen rediyo, namu shi ne mu faɗi sunan mai aiki da garinsu, domin mai saye ya san inda zai same shi.

A riƙa tambayar wanda ya yi kaya, a kuma biya shi gwargwadon wahalarsa. Da haka sana'ar kakanni za ta riƙe yaranmu a gida.