GASAR SUNUKA TA MASTERS: DARASI GA ƘASAR GOBIR

Duk wanda ya saba zagaya bakin kasuwa ko tashar mota a garuruwan Jihar Sakkwato, har zuwa Isa da Sabon Birni, zai yi wuya a ce bai taɓa ganin samari sun kewaye wani tebur mai koren ƙyalle suna zungurar ƙwallaye da sanda ba. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira sunuka, ko da yake teburin namu ƙarami ne. Na ainihi tsawonsa ƙafa 12 ne, faɗinsa ƙafa 6, yana da ramuka 6 da ƙwallaye 22, watau jajaye 15, masu wasu launuka 6, da fara guda wadda ake bugawa.

Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago wasan a ƙasar Indiya cikin 1875 don ɗebe kewa. Ya daɗe yana zaman wasan kulob-kulob, har ana ganin ya kusa mutuwa, sai a 1969 gidan telebijin na BBC, da yake neman abin da zai nuna amfanin telebijin mai launi, ya shirya wata 'yar gasa mai suna Pot Black. Dalili kuwa shi ne, makin wasan ya dogara ne ga launi: ja maki 1, baƙa maki 7. Nan da nan mutanen da ba su taɓa riƙe sandar ba suka kamu da son kallo.

Daga nan ne aka sami ƙarfin gwiwar kafa gasar Masters a birnin Landan cikin 1975. Ita wannan gasa ba a neman shiga cikinta, gayyata ake yi. A karon farko mutum 10 aka kira, John Spencer kuma ya ka da Ray Reardon da ci 9 da 8 a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe, ya tafi da fam 2,000. Daga baya aka tsai da ƙa'idar gayyatar gwanaye 16 da ke kan gaba a duniya. A 2011 Ding Junhui na ƙasar Sin ya ɗauki kofin, a 2024 Ronnie O'Sullivan ya ci karo na takwas, a 2025 kuwa Shaun Murphy ya karɓi fam 350,000.

Abin lura a nan shi ne, ba wasan ne ya sake ba. Abin da ya ƙaru shi ne tsari: ƙa'ida tabbatacciya, alƙali mai gaskiya, lokaci sananne kowace shekara, da kuma kyamara. Da 'yan kallo suka yawaita, sai 'yan kasuwa suka kawo kuɗinsu.

Mutanen Gobir ba sa bukatar zuwa Ingila kafin su gaskata wannan. A cikin wannan shekara ta 1975 ɗin ce Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Rediyo da telebijin suka kai sunayen 'yan kokawa kowane gida, har tsallaken iyaka, kokawar dandali ta zama sana'ar da ake alfahari da ita.

To, mu fa? Rashin tsaro ya raba samari da yawa na Isa da Sabon Birni da gonakinsu, zaman banza kuwa shi ke mai da teburin sunuka wurin caca da faɗa. Korar yara daga tebur ba za ta yi magani ba muddin ba a ba su inda za su nuna bajinta ba. Ya kamata ƙananan hukumomin nan biyu, tare da hukumar wasanni ta jiha, su riƙa gayyato zaɓaɓɓun gwanaye na kokawa da dambe da dara, har ma da sunukar kanta, sau ɗaya a shekara bayan kaka, a haramta caca a wurin, gidan telebijin na Rima kuma ya nuna wa jama'a.

Ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi da ɗalibanmu masu tasowa, sai su tuna cewa da mutum 10 kacal aka fara Masters. Hausawa na cewa da yayyafi kogi kan cika. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.